Karinyan: Inabin da Faransa ta cika Aljeriya da shi, daga baya aka biya manoma su tumɓuke shi

Duk wanda ke zaune a Legas, Ibadan ko Fatakwal ya saba ganin inabi, ko a cikin 'yar roba a teburin masu kayan marmari, ko a hannun masu talla a cikin gosulo. Wannan shi ne inabin ci. To amma nau'o'in inabi a duniya sun kai dubbai, kuma da yawa daga cikinsu ana noma su ne don a matse. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Karinyan, wanda Faransawa ke rubutawa Carignan, baƙin inabi ne na ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum.

Abin da aka fi yi da shi jar giya ce, giya kuwa haramun ce a Musulunci, wannan ba abin jayayya ba ne. Dalilin kawo bayaninsa a nan shi ne tarihin da ke rataye a wuyansa. Wannan shuka ta shiga cikin maganar ƙwace gonakin Musulmin Aljeriya, ta shiga rikicin manoma da gwamnati a Faransa, kuma labarinta ya nuna abin da ke samun ƙasar da ta jingina arzikinta a kan amfanin gona ɗaya da mai saye ɗaya.

Asalinsa da sunayensa

Masana inabi sun fi karkata ga cewa asalin Karinyan yankin Aragon ne, a arewa maso gabashin Sifaniya. Sunan ya samo tushe daga wani gari da ake kira Cariñena a lardin Zaragoza. Abin mamaki, yau idan ka je gonakin da ke kewaye da garin, ba shi ne ya fi yawa ba. Wasu nau'o'i kamar Garnacha da Tempranillo sun sha gabansa a gidansu.

Kamar yadda kayan gona kan canza suna daga kasuwa zuwa kasuwa, haka shi ma. A yankin Rioja ana ce masa Mazuelo ko Mazuela. A Kataloniya wasu na cewa Samsó. A tsibirin Sardiniya na Italiya sunansa Carignano, a Kalifoniya kuma Carignane. Duk abu ɗaya ne. Akwai kuma 'yan'uwansa biyu da suka ɓullo daga jikinsa, ɗaya fari ɗaya mai ruwan toka, sai dai ba su da yawa.

Yaɗuwarsa ta bi sawun siyasa. Masarautar Aragon ta yi ƙarfi a yammacin Bahar Rum, ta mallaki yankin Roussillon da ke kudancin Faransa a yau, ta kuma fara mamaye Sardiniya a shekarar 1323. Ana ganin ta wannan hanya ce inabin ya tsallaka zuwa waɗannan wurare, ya zauna har ya zama ɗan gida.

Yadda shukar take

Inabin ci da inabin matsa duk dangi ɗaya ne, wanda masana kimiyya ke kira Vitis vinifera. Bambancin yana jikin 'ya'yan. Na ci manya ne, fatarsu siririya, sau da yawa ma babu ƙwallo a ciki. Na matsa ƙanana ne, fata mai kauri, ga ƙwallaye. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne inabin matsa ya fi na ci zaƙi idan ya nuna, don ana barinsa a jikin kuringa sai sukari ya taru sosai. Launin kuwa yana cikin fata ne. Idan ka matse ƙwayar Karinyan, ruwan da zai fito kusan fari ne, sai an bar shi tare da fatar sannan ya yi ja.

Kuringar Karinyan mai ƙarfi ce, rassanta a miƙe suke tashi sama. Shi ya sa tun da can manoma ba sa wahalar kafa mata turaku da waya. Sukan datse ta ne ta tsaya da ƙafarta kamar ɗan guntun itace, tsawonta bai wuce ƙugun mutum ba. Wannan tsari yana taimaka mata ta jure iska mai ƙarfi da ke kaɗawa a kudancin Faransa da Aragon, ganyenta kuma ya yi wa 'ya'yan inuwa.

Ga manyan halayenta:

Tana jinkirin toho. Ba ta fitar da sabon ganye sai sanyin ƙarshen hunturu ya wuce, don haka ba kasafai sanyi ke ƙone mata toho ba.

Tana jinkirin nuna. Sai ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba ake girbinta. Wannan ya sa ba ta yi sai a wuri mai zafi da doguwar rana.

Tana jure fari. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, tana iya rayuwa a kan tsakuwa da duwatsu ba tare da ban-ruwa ba.

Tana da saurin kamuwa da fumfuna. Akwai wata cuta da ke fitowa kamar farin gari a kan ganye da 'ya'ya, ita ce babbar abokiyar gabarta. Manoma na barbaɗa mata garin farar wuta don kariya. Idan wuri na da laima, ruɓa ma na kama ta, saboda 'ya'yan a cunkushe suke a jikin nono.

Tana da taurin kara. Sandar da ke riƙe da nonon inabin tana da ƙwari, 'ya'yan ba sa kakkaɓuwa da sauƙi, don haka injin girbi na shan wuya da ita. An fi yankan ta da hannu.

Amma abin da ya sa sunanta ya yi tambari shi ne yawan haihuwa. A ƙasa mai kyau da ruwa, hekta ɗaya, wato kimanin eka biyu da rabi, tana iya ba da lita 20,000. Ka ƙaddara duro ɗari ke nan na lita ɗari biyu-biyu. Gonakin da ake ji da su a Faransa kuwa doka kan tsayar da su ne a wajen lita 5,000 a hekta. Ka ga ninki huɗu ke nan.

Sai dai zuma ga zaƙi ga harbi. Idan kuringa ta ɗauki 'ya'ya da yawa haka, abin da ake samu yana fitowa da tsami mai yawa, da bauri irin na ɗanyar kanya, ga launi mai duhu, amma babu wani ƙamshi na a zo a gani. Wannan yawan haihuwa shi ya ɗaga Karinyan, shi ne kuma ya kayar da shi.

Ƙwaron da ya sauya komai

A wajen 1863 manoma a kudancin Faransa suka fara ganin kuringoginsu na bushewa ba gaira ba dalili. A 1868 wani masanin tsirrai na birnin Montpellier mai suna Jules-Émile Planchon ya gano musabbabin. Wani mitsitsin ƙwaro ne da ake kira filoksera, wanda ya shigo daga Amurka a jikin dashen inabi. Yana tsotsar saiwa har shukar ta mutu.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. A 1875 Faransa ta samar da fiye da lita biliyan 8 na giyar inabi. Zuwa 1889 abin ya faɗo ƙasa da biliyan biyu da rabi. An gwada magunguna iri-iri, har da malale gonaki da ruwa. A ƙarshe maganin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Turai a ɗaura shi a kan gindin inabin Amurka, wanda saiwarsa ta saba da ƙwaron. Har gobe mafi yawan gonakin inabi na duniya a haka suke.

To kafin a gama sake dasa gonakin Faransa an ɗauki shekaru. Kasuwa kuwa ba ta jira. Sai idanu suka koma tsallaken teku.

Aljeriya: gonar da ba ta mai ƙasa ba

Faransa ta afka wa Aljeriya a 1830, daga 1848 kuma ta ɗauki arewacin ƙasar a matsayin lardunan Faransa, ba ma a matsayin ƙasar da ake yi wa mulkin mallaka ba. Bayan tawayen Mokrani na 1871, an ƙwace filaye masu tarin yawa daga hannun ƙabilu a matsayin tara. Dokar Warnier ta 1873 kuma ta buɗe ƙofar yayyanka filayen gandu na dangi, ta yadda Turawa za su iya saye. Da filoksera ya karya manoman Faransa, da yawansu suka haɗa nasu ya nasu suka tsallako, bankuna suka ba su bashi, suka kama dasa inabi.

A wajen 1880 gonakin inabi a Aljeriya ba su fi hekta dubu ashirin da 'yan kai ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 sun kai kusan hekta 400,000, a shekara mai kyau ana samun wajen lita biliyan 2. Mafi yawa suna yammacin ƙasar ne, a yankin Oran: Aïn Témouchent, Mostaganem, Mascara da Tlemcen. Akwai kuma a filin Mitidja da tsaunukan Médéa kusa da babban birni. Karinyan ne kan gaba a cikin abin da aka dasa, sai Cinsault da Alicante Bouschet da Grenache. Zafin Aljeriya da bushewar iskarta sun dace da shi, yana nuna sosai, fumfuna kuma ba ta cika damunsa ba.

Ina ake kai wannan kaya? Mutanen ƙasar dai Musulmi ne, ba sha suke yi ba. Kusan duka Faransa ake kaiwa, a jiragen ruwa, da farko a ganguna, daga baya a tankoki kamar na man fetur, a sauke a tashoshi irin su Sète da Marseille, ba tare da kuɗin fito ba. A can kudancin Faransa a lokacin inabin da ya fi yawa shi ne Aramon, mai yawan ruwa amma abin da yake bayarwa tsararo ne, ba launi ba ƙarfi. Sai 'yan kasuwa su gauraya shi da na Aljeriya mai duhu. Har suna suka sa wa na Aljeriyar, suna ce masa giyar likita, don ita ke yi wa tasu magani.

Da haka ƙasar Musulmi ta zama ta huɗu a duniya wajen samar da giyar inabi, ta ɗaya kuma wajen fitar da ita waje. A wajen 1960 abin da Aljeriya ke fitarwa ya zarce na Faransa da Italiya da Sifaniya a haɗe. Gonakin na Turawa ne, riba tasu ce. 'Yan ƙasa su ne 'yan ƙodago, su yi datsa, su yi noma, su yi girbi, a kan filayen da a da kakanninsu ke shuka alkama da sha'ir ko kiwon tumaki. Ƙasa mafi kyau ta tafi ga abin da mai ƙasa ba ya ci ba ya sha.

Boren manoma na 1907

Su ma ƙananan manoman kudancin Faransa ba su ji da daɗi ba. Da gonakinsu suka farfaɗo a farkon ƙarni na 20, sai kaya ya yi wa kasuwa yawa. Ga nasu, ga na Aljeriya, ga kuma jabu da ake haɗawa da sukari da ruwa. Farashi ya faɗi warwas, har ta kai abin da manomi ya kashe ma ba ya dawowa.

A 1907 wani manomi daga ƙauyen Argeliers mai suna Marcelin Albert ya fara tara jama'a. Kowace Lahadi a yi gangami a wani gari, taro na ƙara girma. Ranar 9 ga Yuni fiye da mutum rabin miliyan suka cika Montpellier. Ɗaruruwan magadan gari suka ajiye aiki, aka daina biyan haraji. Firaminista Georges Clemenceau ya turo sojoji, aka yi harbi a Narbonne, aka rasa rayuka. Sojojin runduna ta 17, waɗanda 'ya'yan yankin ne, suka yi tawaye suka nufi Béziers don kada a sa su harbin iyayensu. A ƙarshen watan majalisa ta yi doka a kan ƙara ruwa da sukari. An rage jabu, amma matsalar yawan kaya ba ta tafi ko'ina ba.

Bayan 'yanci: gaba kura, baya sayaki

Aljeriya ta samu 'yanci a watan Yulin 1962 bayan yaƙin kusan shekara takwas. Turawa kusan miliyan ɗaya suka fice cikin 'yan watanni. Suka bar gonaki da wuraren matsa, suka tafi da mafi yawan masu sanin aikin, da kuma 'yan tsirarun masu shan abin a cikin gida.

Sabuwar gwamnati ta tsinci kanta a tsaka mai wuya. A lokacin giyar inabi ce ke kawo kusan rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa, kuma dubban iyalai da aikin gonar inabi suke ci. A bar ta, abu ne da addinin jama'a ya haramta, kuma tambarin mulkin mallaka ne. A tumɓuke ta, ina za a kai ma'aikata, ina za a samo kuɗin waje?

A 1964 aka ƙulla yarjejeniya cewa Faransa za ta ci gaba da saye na wasu shekaru. Manoman Faransa suka tayar da ƙayar baya, gwamnatinsu ta yi ta ja da baya, kaya ya taru a tankokin Aljeriya babu mai saye. A 1968 Aljeriya ta juya ga Tarayyar Sobiyet, aka shirya za ta riƙa ɗaukar lita miliyan 500 a shekara, amma a farashin da bai kama ƙafar na Faransa ba. A 1970 ƙungiyar kasuwar ƙasashen Turai ta fito da dokokinta na giya, waɗanda suka hana gauraya ta Turai da ta waje. Wannan ya kashe ainihin abin da ake sayen ta Aljeriya dominsa.

Sai maganar mai ta shigo. Ranar 24 ga Fabrairun 1971 Shugaba Houari Boumédiène ya sanar da karɓe iko da man fetur da iskar gas daga hannun kamfanonin Faransa. Faransa ta yi amfani da giya a matsayin sandar duka. Boumédiène ya ba da umarnin a fara tumɓuke gonakin. Aka cire dubban hektoci, aka maye wasu da alkama, wasu da inabin ci da itatuwan marmari. Sai dai alkama ba ta cin hannu kamar inabi, don haka ayyukan yi suka ragu a karkara, mutane suka kwararo birane. A gangaren tsaunuka kuma, inda saiwar kuringa ke riƙe ƙasa, zaizaya ta samu hanya. Yau abin da ya rage na inabin matsa a Aljeriya ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na da, kuma a cikinsa har yanzu akwai tsofaffin kuringogin Karinyan.

Tunisiya da Maroko su ma sun gaji wannan inabi daga zamanin Faransa, ta farko a yankin Cap Bon da Mornag, ta biyu a kewayen Meknes. Su ma gonakinsu sun ragu sosai bayan 'yancin da suka samu a 1956.

Shekarun sarautarsa a Faransa

A daidai lokacin da tauraronsa ke dusashewa a Aljeriya, a Faransa tashi yake yi. A watan Fabrairun 1956 an yi wani mugun sanyi da ya kashe kuringogi da itatuwan zaitun masu yawa a kudancin ƙasar, aka sake yin wani a 1963. Da aka zo sake dashe, hukumomi suka ƙarfafa wa manoma gwiwa su bar Aramon su kama Karinyan, tunda yana da launi da ƙarfin da a da sai an nemo daga Aljeriya. Turawan da suka dawo daga can kuma sun san shi ciki da bai, suka sayi filaye a Languedoc da tsibirin Corsica suka ci gaba da abin da suka saba.

Kafin ka ce kwabo ya rufe filayen Aude, Hérault da Gard. A 1988 yana kan hekta 167,000, babu wani nau'in inabi da ya kai shi yawa a faɗin Faransa. Shi ne abin shan leburori da ma'aikatan masana'antu, ana sayar da shi lita-lita a farashi mai rahusa.

Amma kasuwar da aka dasa shi dominta ta riga ta fara mutuwa. Faransawa sun rage sha sosai daga shekarun 1960, waɗanda ke sha kuma sun koma neman kaɗan mai kyau. Italiya na turo nata mai araha. Rikici ya sake tashi, har ranar 4 ga Maris 1976 aka yi musayar wuta tsakanin manoma da 'yan sandan kwantar da tarzoma a Montredon kusa da Narbonne, manomi ɗaya da jami'i ɗaya suka mutu. Rarar da ta taru a Turai ta yi yawan da 'yan jarida suka laƙaba mata suna tafkin giya. Hukumomi na saye da kuɗin haraji, a tace ta ta koma sinadarin masana'antu.

Da abin ya ishe su, sai suka ce a kashe maciji tun daga kai. Daga 1988 aka ƙara kuɗin da ake ba duk manomin da ya yarda ya tumɓuke gonarsa, a 2008 kuma Tarayyar Turai ta sake fito da wani shirin na cire hekta 175,000 cikin shekara uku. Karinyan ne ya fi shan gatari. Zuwa shekarar 2000 ya sauko wajen hekta 95,000, Merlot ya karɓe kambun. A wajen 2015 kimanin 33,000 suka rage. Wato a cikin shekara talatin, kashi huɗu cikin biyar sun tafi.

Inda ya yi ƙaura

A Kalifoniya ya samu kasuwa ta wata hanya ta daban. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, amma doka ta bar wa magidanta damar matse 'ya'yan itace a gida har galan 200 a shekara. Sai aka riƙa loda inabi a jirgin ƙasa daga Kalifoniya zuwa biranen gabas irin su New York, inda baƙin haure daga Italiya da wasu ƙasashe ke saye. Ana son mai kaurin fata da zai jure tafiyar kwanaki, Karinyan na cikin waɗanda suka dace. A 1936 kuma Harold Olmo na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya haɗa shi da Cabernet Sauvignon, aka samu sabon nau'i mai suna Ruby Cabernet.

A ƙasar Chile girgizar ƙasa ce ta kai shi. Bayan girgizar Chillán ta watan Janairun 1939, wadda ta hallaka dubban mutane, hukumomi suka tallafa wa manoman kudu da dashen Karinyan don su inganta abin da suke samu daga tsohon inabinsu mai suna País. Aka dasa shi a busassun tuddan kwarin Maule, daga baya aka manta da shi shekara da shekaru.

Da tsohuwar zuma ake magani

Abin da ya dawo da martabarsa su ne gonakin da gatari bai kai gare su ba. Yawanci suna kan tsaunuka da gangaren da tarakta ba ta hawa, a hannun tsofaffin da suka ƙi karɓar kuɗin tumɓukewa. Kuringa idan ta haura shekara hamsin, musamman a ƙasa mai duwatsu, da kanta take rage haihuwa. Wata ma ba ta ba da kilo ɗaya a shekara. Amma 'yan 'ya'yan da ta ɗauka suna nuna sosai, baurin ya lafa, ɗanɗano ya taru. Sai aka gane cewa laifin ba na inabin ba ne shi kaɗai, na yadda aka yi ta tatsar sa ne.

Babban misali shi ne Priorat a Kataloniya. Yanki ne na tsaunuka masu baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda mutanen wurin ke kira llicorella. Bayan filoksera jama'a sun watse, ƙauyuka sun zama kufai. Daga baya wasu matasa, cikinsu har da René Barbier da Álvaro Palacios, suka zo suka kama aiki da tsofaffin kuringogin Karinyan da Garnacha, suka fitar da kayansu na farko a 1989. Cikin 'yan shekaru Priorat ya shiga sahun wurare mafi tsada a Sifaniya, filin da a da ba mai so ya zama abin rububi.

A Faransa yankin Fitou, wanda ya samu rajistar sunansa tun 1948, bai taɓa rabuwa da Karinyan ba. A Corbières-Boutenac ma doka ce sai an sa shi da yawa a cikin haɗin. Masu sana'ar sun kuma samo dabarar rage masa bauri, ta hanyar zuba nonon inabin ɗungurungum a tanki rufaffe ba tare da an farfasa shi ba. A Sardiniya an yi wa Carignano del Sulcis rajista a 1977, kuma a tsibirin Sant'Antioco akwai kuringogi da ke tsaye a kan saiwarsu ta asali ba aure, domin filoksera ba ya iya rayuwa a cikin rairayi. A Chile kuwa manoman Maule sun kafa ƙungiya mai suna Vigno, sharaɗinta kuringa ta kai shekara 30 kuma ba a yi mata ban-ruwa.

Halin da ake ciki yanzu

Sauyin yanayi ya ƙara masa daraja. Ƙasashen Bahar Rum na fama da ƙarin zafi da ƙarancin ruwa, nau'o'in da aka kawo daga wurare masu sanyi suna nuna da wuri, tsaminsu na gudu, sai an yi ta ba su ruwa. Karinyan kuwa ɗan zafi ne, ba ya gaggawa, yana riƙe tsaminsa, yana kuma haƙuri da ƙishirwa. Tsamin da a da ake zaginsa a kai, yanzu shi ake nema. Wasu manoman da iyayensu suka karɓi kuɗi suka tumɓuke shi sun fara sake dasawa, sai dai kuringar da aka dasa bana sai jikoki ne za su ga tsufanta.

Ba a sa ran zai koma yawan da ya yi a 1988, tunda shan giyar inabi na ci gaba da raguwa a Faransa da Sifaniya da Italiya, har ma ana sake maganar tumɓuke wasu gonakin. Abin da ya rage shi ne 'yan gonaki ƙanana a kan duwatsu, masu ba da kaɗan a sayar da tsada. A Aljeriya kuwa, inda aka taɓa dasa shi fiye da ko'ina a Afirka, mai da iskar gas ne suka gaji matsayinsa, su ne yanzu ke kawo fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ƙasar ke samu daga waje.